Shawarwari 30 Ga Masu Sana'ar Gida: Yadda Rubutu Mai Inganci Ke Fito Da Shafinku a Google

A unguwarmu da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da sana'a ba. Wannan tana turaren wuta da humra, waccan tana dambun nama, maƙwabcinsu kuma yana ɗinkin kaftani ko gyaran waya. Da yawansu yanzu sun buɗe shafi a intanet, amma kukansu ɗaya ne: an kashe kuɗi, an zuba hotuna, sai dai in aka rubuta sunan kayan a Google, shafin yana can baya inda ba mai leƙawa.

Mu ma a gidanmu mun bi ta wannan hanya. Mun biya wani da ya yi mana alkawarin fitowa a sahun gaba cikin mako biyu, mun cika shafi da maimaita kalma ɗaya, mun sa an rubuta mana dogayen bayanai da mu kanmu ba ma iya karanta su har ƙarshe. Babu ɗaya da ya kawo mana ciniki. Abin da ya yi aiki daga baya shi ne da muka zauna muka rubuta abin da muka sani, kamar yadda za mu yi wa baƙuwa bayani in ta shigo tsakar gida tana tambaya.

Masana na kiran wannan fanni SEO, wato gyara shafi yadda injin bincike zai gane shi, ya kuma nuna shi ga masu nema. Yana da sassa da yawa, wasu sai mai ilimin kwamfuta, amma ginshiƙinsa shi ne ingancin abin da aka rubuta, kuma wannan a hannunku yake. Ga abin da muka koya, don kada ku maimaita asarar da muka yi. Kusan duka ba sa buƙatar komai sai waya, littafin rubutu da haƙuri.

Kafin ku fara rubutu

1. Ku fara da tambayar da ake yi muku kullum. Ku ajiye littafi kusa da waya na mako guda, duk tambayar da mai saye ya yi a WhatsApp ko a ƙofar gida ku rubuta ta da kalmominsa. "Kwana nawa dambun nan ke yi bai lalace ba?" da "Yadi nawa zai ishi yaro ɗan shekara goma?" su ne irin abin da mutane ke bugawa a Google. Kowace tambaya a littafin nan shafi guda ne da ke jiran ku rubuta shi.

2. Ku duba abin da Google ke ƙarasa muku. In kuka fara rubuta "yadda ake haɗa" a akwatin bincike, zai jero muku ƙarashen da wasu suka saba nema, a ƙasan shafin kuma akwai tambayoyi masu kama da taku. Ku kwashe su ku ƙara a littafinku, domin binciken kasuwa ne da ba ku biya ko kwabo ba. Google ya sha faɗin cewa kashi 15 cikin 100 na abin da ake nema kowace rana bai taɓa ganin irinsa ba, don haka sababbin tambayoyi ba sa ƙarewa.

3. Ku karanta waɗanda suka riga ku. Ku buɗe shafuka biyar na farko da suka fito a kan tambayar, ku karanta su da idon mai saye. Za ku ga wani bai faɗi ma'auni ba, wani bai sa hoto ba, wani kuma ya rubuta ne don mai murhun lantarki alhali mutanenku da gawayi suke aiki. Giɓin da suka bari shi ne wurinku, in kuma ba ku da abin ƙarawa a kan nasu, gara ku koma wata tambayar.

4. Ku tsaya a sana'ar da kuka iya. Mai turaren wuta da ta rubuta shafi goma a kan zaɓen itace, jiƙo da ajiya ta fi wadda ta rubuta ɗari a kan ƙwallo, siyasa da farashin dala. A Agustan 2022 Google ya fito da wani tsari na musamman don rage darajar shafukan da ake rubutawa saboda jawo baƙi kawai, ba tare da la'akari da amfanin mai karatu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku rubuta daga cikin ɗakinku.

5. Shafi ɗaya, magana ɗaya. Kada ku haɗa yadda ake wanke shadda, farashin ɗinki da tarihin shagonku a wuri guda, domin mai neman ɗaya zai gaji kafin ya kai gare shi. Kada kuma ku yi shafi biyar a kan magana ɗaya kuna sauya sunan gari, wannan na Kano, wancan na Katsina. Google na lissafa irin wannan cikin dabarun yaudara, kuma guda ɗaya da aka rubuta da kyau ya wadatar.

Lokacin da kuke rubutu

6. Ku ba da amsa tun a layin farko. Wadda ta nemi yadda ake hana kunun aya saurin tsami tana tsaye ne a kicin da waya a hannu, ba ta da lokacin doguwar gabatarwa da tarihin aya. Ku faɗa mata abin yi a jimla biyu, sannan ku kawo dalili da ƙarin bayani ga mai son zurfafawa. Wadda buƙatarta ta biya nan take ita ce ke dawowa, ita ce kuma ke tura wa 'yar uwarta.

7. Ku rubuta yadda kuke magana da baƙo mai mutunci. A da injin bincike kalma da kalma yake daidaitawa, amma daga sauyin Hummingbird na 2013 zuwa na BERT na 2019 ya koma ƙoƙarin gane manufar jimla gaba ɗaya. Saboda haka babu dalilin murɗe harshe don a faranta wa na'ura. In kun gama, ku karanta a bayyane, duk inda numfashinku ya sarƙe ko kuka ji ba haka kuke faɗa da baki ba, ku gyara.

8. Ku kawo ma'auni, lokaci da kuɗi. "A zuba sukari daidai misali" ba ta taimaki wadda ba ta taɓa yi ba, ku ce gwangwani nawa, ludayi nawa, minti nawa a kan wuta, mutum nawa zai isa. In kayan sayarwa ne, ku sa farashi da ranar da kuka sa shi, da kuɗin aikawa wani gari, da kwanakin da saƙo ke yi a hanya. Waɗannan ƙananan bayanai su ne mai kwafe ba ya iya ƙirƙirowa, su ne kuma ke raba mai sani da mai jin labari.

9. Ku nuna cewa hannunku ya taɓa abin. Google na da dubban mutane da ke auna ingancin sakamakon bincike bisa wani kundin ƙa'idoji, kuma a Disambar 2022 aka ƙara gogewa a kan ƙwarewa, shahara a fanni da amana da ake dubawa tun da. Wannan albishir ne ga mai sana'ar gida, domin wadda ta shekara goma tana suyar dambu ta riƙe abin da wanda bai taɓa tsayawa gaban kasko ba ba zai samu ba. Ku rubuta abin da sai mai yi ke sani: yadda ƙamshi ke sauyawa in suya ta kusa, irin naman da ya fi auki, yadda damina ke jinkirta bushewa.

10. Ku faɗi aibin kayanku da bakinku. In yadin yana zuba a wankin farko, ku faɗa, ku kuma nuna yadda za a wanke shi dabam. In humrar tana barin tabo a farin kaya, ku ja kunnen mai saye tun kafin ta biya, domin shawarar da Google kansa ke ba masu sharhin kaya ita ce su kawo amfani da naƙasu duka. Wanda ya ga kun faɗi abin da bai tambaye ku ba zai yarda da sauran maganarku.

11. Kada ku ƙirga kalmomi. Za ku ji ana cewa sai rubutu ya kai kalma 2,000 kafin Google ya kula shi, alhali kamfanin ya bayyana ƙarara cewa babu wani adadi da ya fi so. Tambayar da amsarta layi biyar ce ku ba ta layi biyar, wadda kuma ke buƙatar mataki 12 kada ku rage mata ko ɗaya. Ƙarin ruwa na sa miya ta cika tukunya, amma mai ci yana ganewa a lomar farko.

12. Ku sa take mai faɗin gaskiya. Take shi ne abin da mai nema ke fara gani a jerin sakamako, don haka ku sa ainihin maganar a farkonsa, domin in ya yi tsawo waya na yanke ƙarshensa. "Yadda ake ajiye dambun nama ba tare da firji ba" ya fi "Abin mamaki, ku zo ku gani!" nesa ba kusa ba. Take mai zuzutawa yakan jawo mutum sau ɗaya, amma in ya shiga bai tarar da abin da aka yi masa alkawari ba, ya daina yarda da sunanku.

13. Ku tsara rubutu don allon waya. Masu karanta ku a waya suke, kuma Google ma fasalin waya na shafi yake dubawa wajen jera shi, aikin da ya sanar tun 2016 ya kuma ce ya kammala a 2023. Ku yi sakin layi gajeru, ku sa ƙananan kanu, ku jera matakai da lamba. Kafin ku saki shafi, ku buɗe shi a wayar da ta fi kowace tsufa a gidan, in ya karantu a can zai karantu ko'ina.

Hotuna

14. Hotonku ya fi na aro. Ku ɗauki kayanku kusa da taga da hantsi, a kan farin zane ko tire mai tsabta, ba sai da kyamara mai tsada ba. Ku ɗauki aikin mataki-mataki: ɗanyen nama, lokacin daka, lokacin suya, da yadda aka ƙulle shi. Gani ya kori ji, kuma hoton da aka ciro daga shafin wani yakan tona kansa ranar da kaya suka isa hannun mai saye ya ga bambanci.

15. Ku ba kowane hoto suna da bayani. Waya na ba hoto sunan lambobi marasa ma'ana, ku sauya shi zuwa abin da ke ciki, kamar "turaren wuta na sandal". A wurin ɗora hoto akwai gurbin rubuta gajeren bayani, ku cike shi da jimla ɗaya mai faɗin abin da ido zai gani. Injin bincike na amfani da wannan bayani wajen gane hoton, makafi masu sauraren shafi ta manhajar karatu ma da shi suke dogara.

16. Ku rage nauyin hoto kafin ku ɗora. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamarar waya yana da nauyi, yana cin datar baƙonku, yana kuma sa shafi jan ƙafa inda sabis ba shi da ƙarfi. Ma'aunin da Google ya sa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin sakan 2.5. Akwai manhajojin rage nauyin hoto na kyauta, minti ɗaya a kan kowane hoto ya isa.

Harshe

17. Ku rubuta da Hausa ba tare da jin nauyi ba. Masu jin Hausa miliyoyi ne, daga Kano zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Sudan, amma abin da aka rubuta musu a intanet bai taka kara ya karya ba. A Turanci kuna gogayya da dubban shafuka, a Hausa kuwa akwai tambayoyin da har yau ba wanda ya zauna ya amsa su da kyau. Google Translate na da Hausa tun 2013, sai dai kada ku liƙa fassararsa yadda ta fito, domin mai karatu na jin ɗanyen zance tun jimlar farko.

18. Ku kula da ƙugiya da bambancin rubutu. Ƙasa dabam kasa dabam, ɓata dabam bata dabam, don haka ku sa Hausa a madannin wayarku, Gboard na da ita, ku rubuta ƙ, ɗ da ɓ a inda suka dace. Amma ku tuna mutane da yawa ba sa sa ƙugiya in suna nema, ku gwada kalmarku ta hanya biyun ku ga abin da ke fitowa. In kuna da masu saye a Maraɗi ko Yamai, ku ambaci yadda suke rubuta sunan kayan sau ɗaya a cikin bayani, kamar kilichi a madadin kilishi.

Amana

19. Ku faɗi ko ku su wane ne. Tun Fabrairun 2023 Google ke shawartar marubuta su auna aikinsu da tambaya uku: wa ya rubuta, yaya aka yi shi, kuma don me. Ku yi shafi guda da ke faɗin sunan sana'arku, garinku, shekarun da kuka yi kuna yi, da lambar rajistar hukumar CAC in kuna da ita. Ku ware lambar waya ta sana'a dabam da ta gida, don mai saye ya same ku ba tare da kun buɗe sirrin iyali ba.

20. Ku yi taka-tsantsan da maganar lafiya da kuɗi. Duk batun da kuskure a cikinsa zai iya taɓa lafiyar mutum, dukiyarsa ko tsaronsa, Google na auna shi da ma'auni mafi tsanani. In kuna sayar da zuma, haɗin gargajiya ko man shafawa, ku faɗi abin da ke ciki da yadda ake amfani da shi, kada ku ce yana warkar da ciwon sukari ko hawan jini. In kayanku na da lambar hukumar NAFDAC ku nuna ta, mai rashin lafiya kuma ku tura shi asibiti, wannan haƙƙi ne a wuyanku tun kafin a zo maganar Google.

21. Ku nemi shaidar masu saye na gaske. Ku buɗe Google Business Profile, kyauta ne, shi ke sa shagonku ya fito a taswira da lokutan buɗewa da lambar waya. Duk wanda ya saya ya ji daɗi, ku roƙe shi cikin ladabi ya rubuta layi biyu a kan abin da ya gani. Kada ku sa 'yan gida su rubuta yabon ƙarya, in kuma wani ya yi ƙorafi ku amsa masa a natse, domin masu zuwa daga baya sun fi karanta amsarku fiye da ƙorafinsa.

Abubuwan da za ku guje wa

22. Kada ku kwafi rubutun kowa. A Fabrairun 2011 Google ya saki sauyin da aka sani da Panda, wanda ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na bincike a Amurka, ya kuma durƙusar da shafukan da ke tara rubutu maras zurfi da na kwafe. Tun daga lokacin hanyar sai ƙara tsukewa take yi. Zanen aro ba ya rufe katara, ko bayanin da dillalinku ya turo muku ne, ku sake rubuta shi da bakinku, ku ƙara abin da kuka gani da kuka buɗe kayan.

23. Kada ku cusa kalma inda ba wurinta ba. "Kilishin Kano, sayi kilishin Kano, kilishin Kano mai araha" na gundurar mutum, injin bincike kuma ya daɗe da gane wannan dabara. A Fabrairun 2006 Google ya cire shafin kamfanin BMW na Jamus daga sakamakon bincike na 'yan kwanaki saboda wasu shafuka da aka cika da maimaita kalmomi don na'ura, a 2009 kuma ya bayyana cewa ba ya duba ɓoyayyen gurbin jera kalmomin bincike. Ku sa kalmar a take da farkon bayani, sauran ku bar ta ta zo da kanta.

24. Kada ku sayi mahaɗi. Mahaɗi, wanda aka fi sani da linki, shi ne tushen da Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kai a 1998: duk shafin da ya nuno naku kamar ya ba ku shaida ne. Da mutane suka mai da shaidar abin saye da sayarwa, Google ya hukunta babban kantin J.C. Penney na Amurka a 2011, sannan ya fito da sauyin Penguin a Afrilun 2012 don kama masu yi. Mahaɗi ɗaya daga ƙungiyar sana'arku ko wata jarida da ta ga amfanin rubutunku ya fi ɗari da aka sayo a leda.

25. Ku riƙi ƙirƙirarriyar basira a matsayin ɗan aike. Google ya ce a 2023 inganci yake dubawa ko ta wace hanya aka samar da rubutu, amma a Maris na 2024 ya tsaurara doka a kan masu zubo ɗaruruwan shafuka marasa amfani don su cika sakamakon bincike. Ku bar manhajar ta taya ku jera tunani ko duba kuskuren rubutu, ilimin kuwa daga gare ku zai fito. Duk ma'auni, farashi ko sunan da ta ba ku, ku tantance shi kafin ku saki, domin takan faɗi abin da babu shi da cikakken ƙarfin gwiwa.

Bayan kun wallafa

26. Ku haɗa shafukanku da juna. In kun rubuta yadda ake wanke shadda, ku sa mahaɗi zuwa shafinku na yadda ake guga da bugu, daga can kuma zuwa na zaɓen yadi. Injin bincike ta mahaɗi yake bi yana gano sababbin shafuka, baƙo ma ta nan yake zagaya gidanku. Ku rubuta sunan abin da za a tarar a jikin mahaɗin, ya fi "latsa nan" amfani.

27. Ku riƙa komawa kan tsohon rubutu. Duk wata uku ku zauna ku duba farashi, lambar waya da kayan da suka ƙare, musamman gabanin azumi, sallah da lokacin bukukuwa da nema ke yawaita. Ba a fafe gora ranar tafiya, shafin ɗinkin sallah tun Sha'aban ya kamata ya zama a shirye. Sauya kwanan wata kawai ba tare da gyara komai ba yana cikin abubuwan da Google ya yi kashedi a kai, ku gyara da gaske ko ku bar shi yadda yake.

28. Ku buɗe Search Console. Wannan manhajar Google ce ta kyauta da ke nuna muku kalmomin da mutane suka rubuta har shafinku ya bayyana, da sau nawa aka latsa shi. In shafi na bayyana sosai amma ba a shiga, ku duba takensa, in kuma ana zuwa da tambayar da ba ku amsa ba, kun samu abin rubutawa na gaba. Leƙawa sau ɗaya a mako ta isa, in akwai matashi a gidan mai son harkar waya ku damƙa masa wannan aiki.

29. Ku ba wani ya karanta kafin duniya ta gani. Ku miƙa wa ƙanwarku ko maƙwabciya da ba ta san sana'ar ba, ku ce ta bi bayanin ta yi abin, ku kuma ku yi shiru kuna kallo. Duk inda ta tsaya ta ɗago kai ta tambaye ku, nan ne rubutun ke da rami. Daga ƙarshe ku tambaye ta ko za ta tura wa ƙawarta, domin ko a jerin tambayoyin da Google ya ba masu shafuka a 2011 don auna kansu, akwai irin wannan.

30. Ku yi haƙuri, ku kuma guji mai alkawarin lamba ɗaya. Google ya faɗa a fili cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na farko, kuma gyaran shafi kan ɗauki wata 4 zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Wanda ya ce muku mako biyu, ku riƙe kuɗinku ku ƙara jari da su. Shafi ɗaya mai kyau a mako ya zama 52 a shekara, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Ku lura da abu ɗaya a duk shekarun da muka lissafo, daga 2006 zuwa 2024: yawancin sauyin da Google ya yi, dabara ce ya toshe, kuma duk lokacin wanda ya rubuta don mutum shi ne ya fi samun sauƙi. Gobe ma wani sauyin zai zo da sabon suna. Wanda ya gina shafinsa a kan amsa ta gaskiya ba ya buƙatar bin kowane da gudu, domin abin da injin ke ƙoƙarin ganowa shi ne abin da kakanninmu suka riƙe a kasuwa: cikakken mudu, faɗin aibin kaya, da sakin fuska ga mai tambaya.

Yau da daddare, bayan an kwashe kwanuka, ku ɗauko littafin nan ku zaɓi tambaya ɗaya da aka fi yi muku a wannan mako. Ku amsa ta yadda za ku so a amsa wa 'yarku in ita ce ke nema. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kawo kasuwa.